Darasi na 7: Yadda ake rage ƙarar gangunan bateri

In aka ce bateri a Maradi, wani zai tuna da ta mota, wani ta wayar hannu. Wadda muke nufi yau ita ce ta ƴan orkes: tarin gangunan nan da mutum ɗaya yake zama a bayansu yana kaɗawa da hannu biyu da ƙafa biyu. Kun sha ganin ta a wurin biki, ko a coci, ko a gidan matasa.

Bari mu san su da suna tukuna. Akwai babbar ganga, wadda ke kwance a ƙasa ana taka ta da ƙafa. Faɗinta yawanci inci 22 ne, wato kamar santimita 56. Akwai ganga mai waya, mai inci 14, da ke tsakanin gwiwoyin makaɗi. Wayoyin da ke ƙarƙashinta aikinsu ɗaya da tsirkiyar da ke kwance a kan fatar gangarmu ta gargajiya. Sai ƴan gangunan sama da ake ce wa tom, da ganga mai ƙafafu uku a gefe. Na ƙarshe su ne fayafayan tagulla, simbal, waɗanda suka fi kowa tsiwa.

Abin da ya faru da ni

Shekarun baya na ajiye bateri a wani ɗaki mai rufin kwano a unguwar Zariya. Kwana uku ina koyo, ran na huɗu bayan la'asar sai ga dattijon da muke katanga ɗaya da shi ya yi sallama.

"Ɗana, ba faɗa na zo yi ba. Jikata ce ba ta da lafiya, kuma da ka taka gangar nan sai kwanonin kakarta su ɗauki rawa."

"Baba, a gafarce ni. In Allah ya yarda za a gyara."

Da ya fita na kwance fatar gaba ta babbar ganga, na cusa bargo biyu da matashin kai da wata tsohuwar riga, har ba wurin sa hannu. Na taka, sai na ji kamar na shuri buhun gero. Na kashe muryar ganga ke nan. Washegari na tambayi dattijon, ya ce kwanonin dai ba su fasa rawa ba.

Ashe aiki biyu na haɗa wuri ɗaya. Gyara muryar ganga daban, hana ƙara shiga gidan maƙwabci daban. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Gyaran murya

In ka bugi ganga, fata tana karkarwa. Bayan bugun akwai wani amo da ke biyo baya, kamar jela. Kaɗan daga cikinsa yana da daɗi, shi ne ran ganga. In ya yi yawa sai kiɗa ya cuɗe, mawaƙi ya kasa jin kansa. Jelar nan za mu rage, ba datse ta za mu yi ba.

Kafin ka manna komai, duba ɗauri. Sau da yawa amon banza daga fatar da aka ɗaure a karkace yake fitowa. Ɗora yatsa ɗaya a tsakiyar fata, ka riƙa ƙwanƙwasa gefenta kusa da kowace ƙusar da ke ɗaure fatar. Su zama murya ɗaya. Wadda ta yi ƙasa, ƙara mata ɗauri kaɗan da makulli. Kuma kada ka bi su a jere kamar mai jan carbi. Ka ɗaure wannan, ka tsallaka ga wadda ke fuskantar ta, yadda bakanike yake ɗaure tayar mota.

Fatun bateri na yanzu na roba ne. Tun wajen 1957 kamfanin Remo na Amurka ya fara sayar da irinsu, suka ture fatar maraƙi. Damina ba ta sassauta su yadda take yi wa kalangu, to amma roba ta fi fatar dabba yawan amo. Shi ya sa wannan darasi ya zama dole.

Yanzu gwajin yatsa. Bugi ganga da sanda, ɗaya hannun kuma ka taɓa gefen fata da ɗan yatsa, kamar santimita 2 ko 3 daga baki. Matsa yatsan gaba kaɗan, ka sake bugawa. Wurin da ka ji amon ya kwanta, nan za ka sa abinka. Mafi yawan amon nan mai tsini a gefe yake zaune. Tsakiya wurin bugu ne, a bar ta.

Me za a sa? Duba abin da ke hannunka. Ka ninke ɗan ƙyalle kamar girman kwalin ashana, ka manna shi da salatif. Ko ka ɗora jakar kuɗinka ta aljihu a gefen ganga mai waya, dabara ce tsohuwa a wajen makaɗa. In kana da tsohuwar fata da ta fashe, kada ka yar. Yanko zobe daga gefenta, mai faɗin santimita 2 zuwa 3, ka ɗora a kan sabuwar. Ba ya son manni. Duk bugu zai ɗan yi tsalle ya dawo ya danne jelar amon. A ganina wannan ya fi duka, don ba ya ɓata fata, kuma in ba ka so sai ka ɗage.

A kanti ana samun wata ƴar roba mai danƙo, Moongel, da aka yi don wannan aiki. Tana da kyau, sai dai ba don ƙurar hunturunmu aka yi ta ba. Da ta sha ƙura sai ta daina kamawa. Wanke ta da ruwa da sabulu, ka shanya a inuwa, za ta dawo. Shi ma salatif akwai matsalarsa: zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana narkar da danƙonsa ya bar baƙin tabo. Kada ya shekara a kan fata. Kuma kada wani ya ɗauka Turawa suka fara wannan hikima. Dubi danƙon da masu kotso da taushi ke mannawa a fatarsu. Nauyi suke ƙara mata don murya ta sauka ta zauna.

Mu koma ga babbar ganga, inda na yi ɓarna. Matashin kai ɗaya ya isa, ko bargo ɗaya a ninke. Kwantar da shi a ƙasan cikin gangar, bakinsa yana ɗan taɓa fatar da ake bugu. In kana son bugun ya ƙara gajarta, ja shi ya taɓa fata biyun. Sauran cikin a bar wa iska, don iskar ce ke ba ganga kauri. In bargon yana zamewa, ɗora masa wani abu mai ɗan nauyi da aka naɗe a tsumma.

Ganga mai ƙafafu takan yi dogon gunji. Jefa ƴan dunƙulen auduga 3 ko 4 a cikinta, su kwanta a kan fatar ƙasa. In kuma wurin ɗaukar murya ne kake son kiɗa busasshe, shimfiɗa siririn ƙyalle a kan fatar gaba ɗaya. Ringo Starr na ƙungiyar Beatles ta Ingila ya yi haka da tawul ɗin goge kwano a ƙarshen shekarun 1960.

Simbal ba ya son wasa. Ɗan guntun salatif a ƙarƙashinsa ya wadatar. Kada ka matse ƙusar samansa don ya yi shiru, tsagewa zai yi, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Duk abin da za ka sa, sa ɗaya, ka buga, ka saurara. Ka kuma sa wani ya buga, kai ka koma nesa. Amon da ke damun ka a kan kujera, mai tsaye a bakin rumfar biki bai ma san da shi ba.

Tsakaninka da maƙwabci

Duk abin da muka faɗa a sama ba zai ba jikar dattijo barci ba. Nan sai an rage ƙarfin bugun kansa. Ranar koyo, je wurin mai faci ka samo tsohuwar robar cikin tayar mota. Yanke ta daidai faɗin kowace ganga ka shimfiɗa. Simbal kuma ka lulluɓe shi da tsohuwar riga. Daɗin kiɗa zai tafi, amma hannu da ƙafa suna koyon aikinsu. Canza sanda ma yana taimakawa: siririya ta fi kakkaura sauƙin ƙara, tsintsiyar kiɗa, wato sanda mai bakin siraran wayoyi, ta fi su duka. Mai hali yana iya sayen fatun raga da simbal mai ƙananan huji, waɗanda aka ƙera don koyo a gida.

Sai ɗaki. Abin da ke tare ƙara shi ne nauyi da rashin kafa. Katangar laka mai kauri ta fi falan kwano nesa ba kusa ba. Duk inda iska ke wucewa, ƙara na wucewa, saboda haka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ka jingina katifa a taga. Janye bateri daga katangar da kuka haɗa da maƙwabci, ka shimfiɗa mata darduma mai kauri. Muryar babbar ganga ita ce mai wuyar tarewa, don tana bin ƙasa da bango. Ita ce ta sa kwanonin nan rawa.

Za ku ji ana cewa a manna kwalin ƙwai a bango. Ni ban ga amfanin wahalar ba. Ba shi da nauyi, ƙara ratsa shi take yi, ga shi abincin wuta da gidan kyankyasai.

Ni da dattijon, abin da ya sasanta mu shi ne tsara lokaci. Muka yi da shi: ba bugu lokacin salla, ba bugu tsakar rana sa'ad da mutane ke hutawa, ba bugu bayan magariba. Robar taya ta yi sauran aikin.

Kunnenka

Ana auna ƙara da desibel. Hira tsakanin mutum biyu kamar 60 ce. Bateri in an buga da ƙarfi tana wuce 100. Masana lafiyar ma'aikata sun ce kunne yana jure 85 na awa 8, amma a 100 minti 15 ne kawai. In ka tashi daga kiɗa kunnenka yana tsuwwa, gargaɗi ne, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Nemi abin toshe kunne na soso a kantin magani. Auduga ba ta tare abin kirki.

Aikin aji

Karanta waɗannan da ƙarfi, sannan ka rubuta su a littafinka: ganga, fata, ƙara, ɗauri, danƙo, maƙwabci. Ja layi a ƙarƙashin kowane ƙ da ɗ.

Rubuta da haruffa: 14, 22, 85, 100.

Ba sai kana da bateri ba. Kifa roba ko bokiti, ka buga da cokali. Ɗora ninkakken ƙyalle a gefe ka buga, mayar da shi tsakiya ka sake bugawa. Rubuta jimla biyu a kan abin da kunnenka ya ji, ka zo da su aji ranar Litinin.