Yadda ake ba kare da kyanwa maganin kashe bakteriya

Kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya, a tabbatar cewa ciwon na bakteriya ne. Antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, ba ya taɓa bairas, shi ya sa ba ya warkar da haukan kare ko fabo, ciwon nan da ke sa kwikwiyo amai da gudawar jini, sai dai likita ya haɗa da shi don tare wata cutar da za ta biyo baya. Likitan dabbobi ne zai tantance, kuma shi zai zaɓi maganin.

Sai awo. Ana lissafa maganin da nauyin dabba ne, kuma a nan aka fi yin kuskure. Hau sikeli riƙe da dabbar, sannan ka hau kai kaɗai, ka cire na biyu daga na farko. Amoxicillin mai haɗe da clavulanate, wanda aka fi bayarwa don ciwon fata da rauni, miligiram 12.5 ne ga kowane kilo, sau biyu a rana. Kare mai kilo 20 zai sha 250 safe da yamma, kyanwa mai kilo 4 kuwa 50 kacal. Kafson mutane na 500 da ake saya a kemis ya ninka rabonta sau goma.

Ƙurjin da cizo ke haifarwa, musamman a kumatu ko gindin wutsiyar muzurun da ke faɗa da dare, magani kaɗai ba ya isar masa, don ba ya ratsa mugunyar da ta taru. Dole a aske gashin wurin, likita ya tsaga ya matse, a riƙa wankewa da ruwan gishiri mai ɗumi, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwa. Idan bakin ya rufe da wuri, kumburin zai dawo.

Karen da kaska ta cika masa kunne, ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, wataƙila har da haɓo, ana zargin zazzaɓin kaska. Maganinsa doxycycline, miligiram 10 ga kowane kilo sau ɗaya a rana har kwana 28. Cikin kwana biyu zuwa uku zai miƙe yana wasa, sai mai shi ya ajiye maganin, cutar kuwa tana nan a jini. A ƙarasa kwanakin, a kuma kashe kaskar da ke ɗakinsa.

Wajen ɗura wa kyanwa ƙwaya, a naɗe ta da tawul, a ɗaga kanta, a sa ƙwayar can bayan harshe. Idan doxycycline ce, a bi ta da ruwa kamar mililita 6 ta sirinji marar allura, domin in ta maƙale tana ƙona hanyar abinci har ta tsuke. Enrofloxacin, wani antibayotik ɗin, kada ya wuce miligiram 5 ga kilo a rana ga kyanwa, fiye da haka yana makantar da kyanwa, kuma ba a ba kwikwiyo mai tasowa saboda yana lalata guringuntsin gaɓoɓi. Farasitamol kuwa, ko don zazzaɓi, kisa yake yi wa kyanwa.

Ɗan laushin kashi ba abin tayar da hankali ba ne, a riƙa ba da maganin tare da abinci. Amma in fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya, ko aka kwana uku babu sauƙi, a koma asibiti a ranar.