Babi Na Shida: Idan Yaro Ya Firgita, Gun Wa Zai Gudu?

Darasi na ɗaya: abin da za ki duba

Yaro ɗan shekara ɗaya idan ya firgita, gun wanda ya shaƙu da shi yake rarrafawa, uwa ce ko kaka ko yayarsa mai goyonsa. A ɗauke shi ya yi shiru, ya koma wasa. Wannan lafiya lau ne, ko da kina kunyar ɗan fari ya fi manne wa kakarsa.

A shekarar 1986 wasu masu bincike a Amurka, Mary Main da Judith Solomon, suka bayyana wasu yara da ba haka suke yi ba. A gwajin da ake yi wa yaran, akan fitar da uwa daga ɗaki na ɗan lokaci, sannan a dawo da ita. Yaron ya taso zai je gunta, sai ya tsaya cak, ko ya nufo ta yana kawar da kai, ko ya kai hannu baki a tsorace. Ana kiran wannan rikitacciyar shaƙuwa. Wadda zai fake gunta, ita ce kuma yake tsoro, sai ya rasa inda zai sa kansa. A gidajen da ba wata matsala ana samun haka ga yara wajen 15 cikin 100, amma a cikin yaran da ake gallaza wa yakan kai 80. Gani ɗaya ba hujja ba ne, domin gajiya da zazzaɓi ma kan sa yaro yin haka.

Ba dukan yaro kaɗai ke kawo wannan ba. Uwar da ta rasa 'yan uwanta a harin 'yan bindiga, ta yi gudun hijira zuwa Gusau ko Anka, takan yi zugum idonta a kafe, ko ta zabura. Wannan fuskar ma tana razana jariri. Ba laifinki ba ne, 'yar uwa.

Darasi na biyu: yadda za ki ɗauke shi

Fara da fuskarki. Kafin ki miƙa hannu, ja numfashi sau uku, ki saki fuska. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki kira sunansa a hankali, sannan ki ɗauke shi ki kwantar a ƙirji har kukan ya lafa.

A nan ake kuskure. Da yawa sukan ɗauki yaro da hannu, fuska kuwa a murtuke, baki na cewa "yi mini shiru!" Yaro fuska yake karantawa, bai san uzurinki ba. Saki fuska tukuna. Tuwo na kan wuta? Saki fuska tukuna. In kin manta kin daka tsawa, ba a makara ba, koma ki saki fuska ki lallashe shi. Sannu a hankali za ki saba.

Amma haba, iyaye! A ce yaro na kuka, ki zare masa ido ki yi muryar dodo, wai wasa? Ki fizge shi da hannu ɗaya? A daina. Maigida, har da kai.

Darasi na uku: ranar da ranki ya ɓaci

Miƙa shi ga kaka ko maƙwabciya, ki fita tsakar gida. In firgita ta hana ki barci, ki gaya wa ma'aikaciyar asibiti.

Darasi na huɗu: aikin gida

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ta naɗe zani a matsayin yaro, ɗaya ta duba fuskar ta farkon kafin ta ɗauka.