Yadda za ka zaga tsohon gidan masu sarauta a ƙauyen Ingila har ka gane abin da ya karya su

Wannan na masu karatu ko aiki ne a Ingila, da ma wanda ya je hutu. Manyan gidajen nan na karkara da ake biyan kuɗi a shiga, yawancin mutane hoto kawai suke ɗauka a gaban ƙofa su dawo, alhali labarin yana can ƙasa wajen kicin da ɗakunan barori.

Da farko dai ka san abin da ya faru kafin ka je, in ba haka ba kujeru kawai za ka kalla. Lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta karɓe gidajen nan da yawa, wasu aka zuba sojoji, wasu asibiti, wasu makaranta, Chatsworth ma, wani katafaren gida a Derbyshire, makarantar 'yan mata aka mayar da shi. Da aka gama yaƙi a 1945 aka mayar wa masu su a lalace, barorin da ke share ɗakuna da hura wuta kuma sun ɗanɗana albashin masana'anta da ofis, wa zai dawo yana goge takalmin wani? Sai ga harajin gado, wanda a 1949 ya kai kashi 80 cikin 100 a kan manyan dukiyoyi. Mai Chatsworth ya rasu a 1950, ɗansa ya tashi da bashin haraji wajen fam miliyan 7, sai da ya sayar da filaye ya kuma miƙa wa gwamnati wani gidansu sukutum, Hardwick Hall. Wasu kam rushewa kawai suka yi, a wajen 1955 kusan duk kwana biyar sai an rushe gida ɗaya.

To wanne za ka fara zuwa? Ni dai shawarata kar ka fara da wanda aka gyara yana ƙyalli. Je Calke Abbey a Derbyshire, kudu da garin Derby. Ƙungiyar National Trust, mai kula da gidaje da wuraren tarihi, ta karɓe shi a 1985, shi ma harajin gado ne ya ci ƙarfin iyalin, kuma da gangan aka bar shi yadda aka same shi, an dai toshe yoyo amma fenti na ɓarewa, tarkace jibge a ɗakuna, ga matattun tsuntsaye da dabbobin da aka cusa wa ciki aka adana a akwatunan gilashi ko'ina. Lantarki ma sai 1962 aka sa musu. Kamar gidan gado ne a cikin birni da magada suka kasa gyarawa suka kuma ƙi sayarwa, kowa ya takure a ɗaki biyu sauran an kulle.

In ka shiga, wuce falon baƙi da sauri, wallahi duk kusan iri ɗaya ne, hotunan kakanni da labule. Nemi matakalar da ke sauka ƙasa. A irin gidajen nan sau da yawa za ka ga jerin ƙararrawa a bango, kowacce da sunan ɗakin da ake kira daga shi, ƙirga su ka tambayi kanka mutum nawa ake buƙata su amsa. Duba girman murhu da tukwane, sannan ka lura ko akwai wani ɗan ƙaramin risho ko kukar girki a gefe, wannan shi ne na ƙarshen zamani lokacin da mai girki ɗaya ta rage ko uwargida da kanta ta shiga kicin. A Calke har hanya aka haƙa ta ƙarƙashin ƙasa don ma'aikata su wuce ba tare da masu gida sun gan su ba, bi ta ciki ka ji sanyin.

Kuma ka yi magana da tsofaffin nan da ke tsaye a ɗakuna, 'yan sa kai ne ba masu gadi ba, suna son a tambaye su. Tambaya mafi amfani ita ce, wa ya zauna a nan na ƙarshe kuma a wane ɗaki yake kwana?

In barorin ne suka fi jan hankalinka, sai Erddig kusa da Wrexham a Wales, can iyalin Yorke sun sa an zana ma'aikatansu har da rubuta musu baitoci, haƙar kwal ta sa ginin ya fara nutsewa, a 1973 magajin ƙarshe ya miƙa shi ga National Trust. In kuma waɗanda suka tsira da dabara kake son gani, gidan Longleat a Wiltshire ya buɗe ƙofa ga masu biyan kuɗi tun 1949, a 1966 har zakoki aka kawo don jan 'yan kallo.

Batun tafiya, duba ranakun buɗewa a intanet tukuna don da yawa suna rufe cikin gidan lokacin hunturu, lambu kawai ake bari. Mota ta fi, bas ɗin ƙauye ba shi da tabbas musamman Lahadi. In za ka riƙa zuwa sau da yawa a shekara katin National Trust ya fi araha, amma ba ya aiki a Chatsworth ko Longleat, nasu daban ne. Tafi da abincinka saboda naman alade ya yi yawa a shagon shayinsu, sa takalmin da ba ya jin taɓo, sallah kuma ka riƙe 'yar dardumarka ka nemi gefe a lambu.