Yadda ake kallon tsohon wasan barkwanci a dandamali

Na sha raka mutane kallon wasan kwaikwayo na barkwanci, irin tsofaffin nan da aka rubuta tun ƙarnuka da suka wuce, kuma kusan duk wanda ya fito yana cewa bai ga abin dariya ba, wuri guda ya yi tuntuɓe: minti 20 na farko. A nan ake ƙulla zaren wasan gaba ɗaya, a nan kuma sabon ɗan kallo yake gyara zama, yana duba waya, yana kallon rufin zaure. Kafin ya dawo da hankalinsa an wuce shi, sai ya zauna awa biyu jama'a na ƙyaƙyata dariya shi kuwa yana rarraba ido.

Mataki na farko tun a gida yake. Ka nemi taƙaitaccen labarin wasan ka karanta har ƙarshe. Na san akwai masu cewa hakan zai ɓata musu daɗin kallo. A wasan barkwanci ba haka abin yake ba. Dariyar tana fitowa ne daga cewa kai ka san abin da ɗan wasan bai sani ba, kana kallonsa yana nufar rami da ƙafarsa. A wasan Revizor na marubuci Gogol, wanda aka fara nunawa a Rasha a 1836, shugabannin wani ƙaramin gari sun ji labarin cewa sufeton gwamnati na zuwa bincike a ɓoye, sai suka ɗauka wani ƙaramin ma'aikaci da ya maƙale a masauki ba ko sisi shi ne sufeton. Suka shiga yi masa hidima suna cusa masa cin hanci. Idan ka riga ka san cewa ba shi ba ne, kowane rusunawa da suka yi masa abin dariya ne. Idan ba ka sani ba, mutane kawai kake gani suna gaisawa.

Ka riƙe sunaye huɗu ko biyar, da wanda ke son wa, da wanda ke ɓoye wa wa wani abu. Ya isa. Ba sai ka karanta wasan sukutum ba, gani ya kori ji. In fassara za a nuna, ka ɗan bincika ko waƙe aka mayar da ita ko zube. Marubucin Faransa Moliere ya rubuta wasansa Tartuffe da baitoci masu amsa-amo, kuma a ganina sabon shiga ya fi samun sauƙi da zube, don kunne kan bi daɗin amsa-amo ya manta da ma'ana.

Sai kujera. Ni dokata ita ce tsakiya, daga layi na 5 zuwa na 12 a ƙasa. Layin gaba ɗungurungum yana sa ka ɗaga wuya, kuma ba ka ganin dandamali duka a kallo ɗaya. Can saman bene kuwa fuska ke ɓacewa, alhali rabin barkwanci a gira da leɓe yake. Ka guji kujerar gefe can ƙurya, don irin waɗannan wasanni da ƙofofi suke aiki: wannan ya shiga ta hagu daidai lokacin da wancan ya sulale ta dama. Wanda bango ya tare masa ƙofa ɗaya ya yi asarar rabin wasa. In aljihu bai kai ba, nunin rana da nunin gwaji na kafin buɗewa sukan fi araha, kuma gara kujera mai kyau a ranar da ba cinkoso da mummunar kujera a daren buɗewa. A gidan wasan Globe na Landan, wanda aka sake ginawa aka buɗe a 1997, tikiti mafi araha na masu tsayuwa ne a fili gaban dandamali, kuma su suka fi kowa kusa da 'yan wasa, sai dai ƙafa za ta gaya maka.

Yanzu ga wurin da na fi damuwa da shi. Ka isa da aƙalla rabin awa kafin a fara. Gidajen wasa da yawa ba sa barin wanda ya makara ya shiga sai an samu gaɓar da ta dace, wani lokaci sai hutu. Ka zauna, ka kashe wayar gaba ɗaya, ka buɗe takardar shiri ka haɗa sunan kowane ɗan wasa da matsayinsa. Da an rage fitilu, ka ba da kunnenka duka, ko da abin da ake faɗa ya yi maka kama da surutu mara daɗi. Yawanci ma fitowar farko ba ta da dariya sosai, kuma da gangan ne.

Dubi The Comedy of Errors na Shakespeare. Wasan yana buɗewa da wani dattijo ɗan kasuwa, Egeon, an yanke masa hukuncin kisa a birnin Afisa, yana ba da dogon labarin yadda jirgin ruwa ya tarwatse ya raba 'ya'yansa tagwaye, tare da wasu tagwayen da aka saya don su yi musu bauta. Tagwayen duka biyu sunansu Antipholus, bayinsu duka biyu sunansu Dromio. Duk ruɗanin da zai biyo baya, matar da ta ja wanda ba mijinta ba zuwa cin abinci, bawan da ya sha duka kan kuɗin da ba shi aka ba, sarƙar zinariya da ta faɗa hannun da ba nasa ba, daga wannan jawabi ya taso. Na ga mutum yana raɗa wa maƙwabcinsa a tsakiyar wasa, "Wai wannan ba shi ne ya fita yanzu ba?" Lokacin da dattijon ke bayani, shi mai tambayar yana neman inda zai ajiye jakarsa.

Haka Tartuffe. Mutumin da wasan ke ɗauke da sunansa ba ya fitowa sai kashi na uku cikin biyar. Kashi biyu cur ana maganarsa ne kawai: maigida Orgon da mahaifiyarsa suna ɗaukarsa waliyyi, sauran mutanen gida suna cewa mayaudari ne. Sabon ɗan kallo yakan ƙosa. Ka daure ka saurara, domin Moliere yana tara maka shi ne a ka, ta yadda in ya shigo yana nuna tsoron Allah na ganin ido, zaure kan fashe tun bai gama jimla ba. Kunnenka ma yana buƙatar waɗannan mintuna don ya saba da tsohon salon magana. Kalma ɗaya in ta wuce ka, ƙyale ta, kada ka tsaya tunaninta har biyar su bi bayanta.

Da zare ya kama, sai aikin ido. Kada ka kafe shi kan mai magana kaɗai. Ka riƙa satar kallon wanda ake gaya wa, da baran da ke tsaye a baya riƙe da faranti, don a fuskarsu ake ajiye abin dariya. A kashi na huɗu na Tartuffe, matar gida Elmire ta sa mijinta ya ɓuya ƙarƙashin tebur don ya ji da kunnensa yadda baƙon nasa Tartuffe ke nemanta. Tana ta tari tana yi masa alama ya fito, shi kuwa shiru. Idonka ya riƙa kai-komo tsakanin fuskarta da mayafin teburin. Wannan shi ne abin da dandamali ya fi fim: babu kyamarar da za ta zaɓa maka inda za ka duba. Idan kuma ɗan wasa ya juyo ya yi magana da ku 'yan kallo kai tsaye, ƙa'idar ita ce sauran da ke kan dandamali ba su ji ba.

Dariya kuwa, ka yi abarka da ƙarfi. 'Yan wasa suna jinta, da ita suke auna numfashinsu, sukan ɗan dakata ta lafa kafin su jefo magana ta gaba. Abin da ba na yafewa shi ne maimaita wa na kusa da kai abin da aka faɗa, ko yi masa bayani. Kuna cikin haka jimla biyu sun wuce ku, kun kuma hana na bayanku ji.

Hutu yakan kai minti 15 zuwa 20. Ka fara da bayi don layi na tsawo, ka sake duba sunaye, ka koma da ƙararrawar farko. Hoto da bidiyo an hana a yawancin gidaje. Kashi na ƙarshe yana gudu, asiri na tonuwa ɗaya bayan ɗaya, galibi a rufe da aure ko sulhu. Kada ka yi saurin tafi: Revizor yana ƙarewa ne da kowa ya daskare shiru bayan an sanar cewa sufeto na gaske ya iso, kuma shirun cikin wasan yake. Ka jira fitilu su mutu, sannan ka tafa har 'yan wasa su gama rusunawa kafin ka nufi ƙofa.