Yadda za ku kai iyali maɓulɓular ruwan zafi ta Al-Lis

Ga 'yan'uwa mazauna Makka da Jidda, Ainul Harra, maɓulɓular ruwan zafi ta yankin Al-Lis, kudu da Jidda, tafiya ce ta yini guda.

1. Ku zaɓi lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar Juma'a ko Asabar da ake hutu. Idan hadari ya haɗu, ku ɗage tafiyar, domin wurin cikin kwari yake, kuma ambaliya kan sauko daga duwatsu ba sallama.

2. Ku tashi bayan sallar asuba. Ku cika tankin mota a garin Al-Lis kafin ku karkata gabas, sannan kowa ya riƙe iƙamarsa, wato katin izinin zama.

3. Guzuri: ruwan sha mai yawa, shayi, dabino, tabarma, tawul da kayan sauyawa.

4. Nan ne abin lura. A bakin maɓulɓular, ruwan na ƙona fata. Kada a bar yaro ya matsa kusa, ko da Hajiya na kallonsa. A riƙe hannunsa. Ku bi ruwan zuwa inda ya huce, babba ya fara taɓawa da hannu, sannan a tsoma ƙafa. A riƙa fita ana hutawa ana shan ruwa. Mai ciki da mai hawan jini su tambayi likita tukuna. Mai ciwon suga ya kula ƙwarai, domin ƙafarsa kan ƙone bai ji ba.

5. Ku kwashe shararku, ku kama hanya kafin magariba.