Yadda za ku karanta labarin mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai a ƙungiyar karatu

Kafin a sayi littafin, shugaban ƙungiya ya keɓe kowa ya tambaye shi ko zai iya. A Katsinar yau da wuya ka tara mutum goma ba ka samu wanda 'yan bindiga suka kashe masa wani a Batsari ko Jibiya ko Faskari ba. Irin wannan mutumin ba zai ɗaga hannu a cikin taro ya ce ba zai jure ba, kunya za ta hana shi. Wanda ya ce a ɗaga masa ƙafa, a bar shi ya dawo a littafi na gaba, kada a nemi dalili.

Sai zaɓe. Mutum ɗaya mai kawaici ya fara karance littafin shi kaɗai. Abin da zai duba shi ne ina marubucin ya fi daɗewa: wurin ɗan sandan ciki da ke bin sawu, ko wurin makashin yana yanka? Littafin da ke kwashe shafi biyar yana siffanta gawar mace, sannan ya kasa ba ta ko uwa ko sana'a, ni ba na kawo shi zaurenmu. Yawancin waɗannan littattafan da Turanci suke, don haka a naɗa wanda zai riƙa warware wurare masu wuya da Hausa.

Mu a Ƙofar Marusa ranar Asabar muke zama, daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, kuma da gangan ne. Ba na son kowa ya taka lungu cikin duhu da irin wannan labarin a kansa. Ku raba littafin kashi huɗu, kowane mako kashi guda, ku tsaya daidai inda aka gano sabuwar gawa ko aka kama wanda ba shi ba ne. Doka ɗaya ce ba sassauci: wanda ya wuce gaba ya kama bakinsa, har a WhatsApp.

Inda daɗin yake shi ne littafin shaida. Ku sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, mutum ɗaya ya riƙe. Shafin farko na waɗanda aka kashe ne: sunansu a labarin, shekarunsu, abin da suke yi, wa suka bari. Da shi ake buɗe kowane zama. In ba ku yi haka ba, za ku ga hira ta koma kan wayon makashin, matasa suna ta jinjina masa, mamatan sun zama lissafi. Sauran shafukan na hujjoji ne: wa ya ga me, ƙarfe nawa, wa ya yi ƙarya. A ƙarshen zama na biyu kowa ya rubuta sunan wanda yake zargi da dalilinsa a 'yar takarda, a naɗe, a ba wa dattijon cikinku ajiya sai ranar ƙarshe. Zargi ba dalili ba a karɓa. "Malam, raina ne ya ba ni" ba hujja ba ce.

Yana da kyau wani ya zo da ɗan tarihi, don a auna marubucin da ma'aunin zamanin labarinsa. A 1888 aka yi ta kashe mata a unguwar Whitechapel ta Landan, har yau ba a tabbatar da wanda ya yi ba, lokacin 'yan sanda ba su fara aiki da zanen yatsa ba. Sai a 1892 zanen yatsa ya fara kama mai kisa, a Ajantina. Gwajin DNA kuwa, wato gane mutum ta ƙwayar halittarsa, masanin kimiyya Alec Jeffreys ne ya gano shi a Leicester ta Ingila a 1984, kuma da shi aka ɗaure wani mai kisa, Colin Pitchfork, a 1988. Saboda haka in labarin 1950 ne, ba laifin ɗan sanda ba ne in ya dogara da baki da ƙafa. In kuma na yau ne ya manta da waya da kyamarar tsaro, ku tuhumi marubucin.

Wani zai ce ai wannan cutar Turawa ce. Ku tuna masa Fatakwal a 2019, inda aka riƙa tsintar gawar mata a ɗakunan otal, har kotu ta yanke wa Gracious David-West hukuncin kisa a 2020. Daga nan tambayar da ta fi amfani take fitowa: su wa makashin yake zaɓa, kuma me ya sa aka yi jinkirin nemansu? Sau da yawa waɗanda ba su da mai tsaya musu ne. A ba wannan tambayar rabin zama na uku, a bar matan ƙungiyar su fara magana.

Ranar ƙarshe a buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Sannan a koma littafin shaida a duba ko marubucin ya yi adalci: ya ajiye alamun da za su kai mai karatu ga makashin tun da wuri, ko kuwa ya jefo wani baƙo a babin ƙarshe? Littafin da zai biyo baya ya zama mai sauƙi, na tafiye-tafiye ko na tarihin gari.