Yadda Ake Zaɓen Ƙyallaye da Haɗa Launi a Bargon Haɗe-haɗe

Bayan kowace sallah, shagon tela a ƙauye yakan cika da guntayen atamfa da shadda da yadi, kuma sau da yawa ana ba da su kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Da waɗannan guntaye ake ɗinka bargon haɗe-haɗe wanda zai tare sanyin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, amma kyawunsa da ƙarkonsa sun dogara ne a kan zaɓen da aka yi tun kafin a ɗauki almakashi.

Da farko a ware ƙyallayen bisa kaurinsu, ba bisa launinsu ba. Atamfa ta tafi da atamfa, shadda da shadda, domin idan aka ɗinka mai kauri a jikin marar kauri, mai kaurin zai riƙa jan ɗan'uwansa har ɗinkin ya ɓarke bayan wanki kaɗan. Leshi da duk yadin da ke miƙewa kamar roba a ajiye su gefe. Idan ana shakkar ko ƙyalle auduga ne, a yanki ɗan bakinsa a kusantar da shi ga ashana: auduga tana ci da wari irin na takarda ta bar toka mai laushi, shi kuwa yadin roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.

Daga nan a wanke komai, kowane launi a bahonsa, a shanya a inuwa, sannan a goge. Wankin yana fitar da sitaci, yana sa audugar ta gama tsukewa, yana kuma tona asirin mai zuba. Ja da shuɗin rini su ne suka fi wannan hali, har da rinin baba irin na Kura da Ƙofar Mata, wanda kyawunsa ba ya hana shi shafa wa maƙwabcinsa launi. Na taɓa yin ganganci na saka jan yadi ba tare da na jiƙa shi ba, wankin farko kuwa duk fararen gidajen bargon, wato guntayen da aka jera aka ɗinke, suka koma ruwan hoda. Gwajin ba shi da wuya: a jiƙa ƙyallen, a goga farin tsumma a kansa, idan ya kama launi a sake wankewa har ruwan ya fita garau.

Wajen haɗa launi ne mutane suka fi yin kuskure, domin sukan tsaya a kan cewa wannan kore ne wancan ja ne, alhali abin da ido ke fara gani daga nesa shi ne wanne ne mai duhu wanne ne mai haske. A raba ƙyallayen kashi uku, wato masu duhu da matsakaita da masu haske, sannan a tabbata duk gidan mai duhu yana da mai haske a kusa da shi. Koren ganye da ja mai duhu, duk da bambancinsu, idan suka zauna gefe da gefe sai zanen ya dushe. Wanda ke da waya mai kyamara ya shimfiɗa guntayen a kan tabarma ya ɗauki hoto, ya mayar da hoton baƙi da fari, nan take zai ga waɗanda suka saje da juna.

Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi atamfa ɗaya da aka fi so, a tsamo launi biyu ko uku daga cikin zanenta, a nemo sauran ƙyallayen a kansu. Atamfa mai manyan furanni tana bukatar yadi marar zane a gefenta don ido ya huta, kuma idan aka yanka ta ƙanana sosai furen yakan ɓace. Ruwan goro da rawaya suna da ƙarfi, kaɗan ya isa, a warwatsa su kada su taru a kusurwa ɗaya. A ganina fari tas bai dace da gidan da ƙurar hunturu ke shiga ba; ruwan toka ko ruwan madara sun fi ɓoye dauɗa, kuma suna ba da hasken da ake nema.

Game da awo, a yanka kwali mai inci 5 a kowane gefe a riƙa bi da shi, ana yanka daidai da yadda zaren ƙyallen ya miƙe. Idan aka bar rubu'in inci na ɗinki a kowane gefe, gida ɗaya zai koma inci 4 da rabi, don haka gida 12 a faɗi da 16 a tsawo, wato guntaye 192, za su ba da bargo mai inci 54 da 72. A tsakanin shafin gaba da na baya a saka tsohon bargo mai tsabta. Shafin baya kuwa gara a sayo shi sabo, ƙyalle guda mai duhu, ko a kasuwar Wudil ranar Juma'a ko a Kantin Kwari idan an shiga birni, kuma a tafi da guntaye biyu ko uku a jaka domin a gwada su da shi a hasken rana kafin a biya kuɗi.